Darasi: Gertrude Cox, Malamar da Ta Kai Lissafi Gona

A wannan darasi za mu karanta tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Gertrude Mary Cox, wadda ta rayu daga 1900 zuwa 1978. Lissafi ta karanta, amma a fannin ƙididdiga ta yi suna, wato ilimin tattara alƙaluma a auna su, a gane abin da suke nunawa da abin da ba su isa su nuna ba. Inda ta fi gwaninta shi ne tsara gwaji: yadda za a jarraba iri, ko taki, ko abincin dabbobi, ko magani, ba tare da sakamakon ya yaudari mai gwajin ba. Za mu bi rayuwarta, kuma a tsakiyar darasin za mu tsaya mu taɓa aikin nata da hannunmu, domin abu ne da manomi da mai kiwon kaji za su iya amfani da shi tun daga daminar bana.

Daga gidan marayu zuwa ɗakin lissafi

An haife ta ranar 13 ga Janairu, 1900, a Dayton, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Iowa, ƙasar noman masara da kiwo a tsakiyar Amurka. A garin Perry ta tashi, a can ta gama sakandare a 1918. Gidansu masu riƙo da addinin Kirista ne, 'yan ɗariƙar Metodis, kuma burinta tun tana budurwa shi ne ta yi wa coci hidima, ta kula da marasa galihu. Har ta yi shekara biyu tana riƙon yara maza a wani gidan marayu da ke jihar Montana, ita ce uwa ita ce uba. A nan ta gane cewa in tana son a damƙa mata ragamar irin wannan gida, sai tana da takardar digiri. Abin da ya mayar da ita aji ke nan.

Ta shiga Kwalejin Jihar Iowa da ke garin Ames, ta zaɓi lissafi don ya fi zo mata da sauƙi, ta yadda za ta sami sararin karanta ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa, waɗanda take ganin su ne za su yi mata amfani wajen marayu. Ba ta sami digirin farko ba sai a 1929, tana da shekara 29. Ku riƙe wannan, ku da kuka dawo karatu da girmanku: sa'o'inta sun daɗe da gamawa lokacin da ita take farawa.

Kuɗin makaranta ne ya haɗa ta da ƙididdiga. Malaminta na lissafi, Farfesa George Snedecor, yana da ɗakin da ake yi wa masu binciken noma lissafin alƙalumansu. A wancan zamani babu kwamfuta. Mutum ne zai zauna gaban injin lissafi na tebur, ya yi ta tarawa da ninkawa daga safe har yamma, kuma mata ne suka fi yawa a wannan aiki. Cox ta nemi aiki a nan don ta riƙe kanta. Da tafiya ta yi tafiya sai ta daina kallon alƙaluman a matsayin jimloli kawai, ta fara tambayar daga wace gona suka fito da yadda aka samo su. A 1931 ta sami digiri na biyu a ƙididdiga, wanda shi ne na farko da kwalejin ta taɓa bayarwa a wannan fanni. Binciken da ta yi ma abin sha'awa ne: ta auna ƙwazon malami ta hanyar duba yadda ɗalibansa suka yi a darussan da suka ɗauka bayan sun bar hannunsa.

Daga nan ta tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley don neman digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Ba ta ƙarasa ba. A 1933 Snedecor ya kira ta ta dawo Ames ta taya shi kafa sabuwar cibiyar ƙididdiga, ta kuwa amsa kira. A nan ta fara koyar da darasin tsara gwaji, tana bin masu bincike har gonakinsu da garkunansu.

Matsalar da ta sa a gaba

Mu ɗauki misali. Wani manomi ya sami sabon irin masara, yana so ya san ko ya fi wanda ya saba shukawa. Gonarsa gangare ce: sama jigawa, ƙasa kwari mai riƙe laima. Ya shuka sabon irin a kwari, tsohon a jigawa. Da kaka ta yi, sabon ya fi tsohon albarka nesa ba kusa ba, ya shiga gari yana yabon iri. To, me ya sani a gaskiya? Bai san komai a kan irin ba. Iri ya bambanta, ƙasa ma ta bambanta, kuma su biyun sun cakuɗe. Ko da za a kawo masa gwanin lissafin duniya bayan girbi, ba zai iya ware rabon iri da rabon ƙasa ba, saboda ɓarnar ta faru tun ranar shuka.

Wannan shi ne abin da Cox ta shafe rayuwarta tana nanata wa masu bincike: a nemi mai ƙididdiga kafin a kai iri ƙasa, kada a jira sai an cika littafi da alƙaluma sannan a kawo masa ya yi dabo. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Ba ita ta ƙirƙiro ka'idojin tsara gwaji ba. Wani Baturen Ingila, Ronald Fisher, shi ya shimfiɗa su lokacin da yake aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted daga 1919 zuwa 1933, kuma ya ziyarci Ames a 1931 da 1936. Sai dai rubutun Fisher yana da tsauri, ba kowane malamin gona zai iya zama da shi ba. Aikin Cox shi ne ta sauko da ka'idojin daga allo zuwa kunya. Ga yadda suke aiki a gonar manomin nan namu.

Da farko zai raba gonar gida huɗu daga ƙasa zuwa sama, ta yadda ƙasar da ke cikin kowane gida kusan iri ɗaya ce. Kowane gida kuma ya tsaga shi biyu daidai, ɓangare ɗaya na sabon iri, ɗaya na tsoho. Ta haka kowane iri ya ɗanɗana kwari, ya ɗanɗana jigawa, kuma a kowane wuri da maƙwabcinsa za a gwada shi.

Saura tambaya ɗaya: a kowane gida, wane iri zai zauna dama, wane hagu? Nan ne mutane da yawa ke mamaki, domin ka'idar ta ce kada manomin ya zaɓa da kansa. Ƙuri'a zai jefa. Ya rubuta sunayen a 'yar takarda biyu, ya naɗe, ya zuba a hula, ya sa yaro ya ɗauko. Dalili shi ne zuciya tana da son kai ko mai ita bai sani ba. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi sabon iri, hannunsa zai riƙa kai shi gindin gawo, ko tsohon masheƙari inda shanu suka kwana, ko wurin da aka taɓa zuba juji. Akwai kuma bambancin ƙasa da ido ba ya gani sam. Ƙuri'a ba ta san wanda ya sayi iri ba, don haka ba ta fifita kowa, kuma duk wani ɓoyayyen bambanci tana watsa shi tsakanin ɓangarorin biyu.

Yanzu a ce an yi girbi, an sussuka, an auna da mudu, aka sami waɗannan alƙaluma na misali:

Gida na 1, can ƙasa a kwari: sabo mudu 14, tsoho 12.
Gida na 2: sabo 12, tsoho 11.
Gida na 3: sabo 10, tsoho 8.
Gida na 4, can sama a jigawa: sabo 8, tsoho 5.

Ku tara da kanku. Sabon iri ya ba da mudu 44, tsoho 36. In aka raba kowanne gida huɗu, matsakaicin sabo 11 ne, na tsoho 9, wato ratar mudu 2 a kowane fegi. Amma ku dubi wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Tsohon iri a kwari ya ba da 12, sabon iri a jigawa ya ba da 8. Da manomin ya shuka tsohon a ƙasa kaɗai, sabon a sama kaɗai, da ya yi watsi da iri mai kyau, ya ce an cuce shi. Gona ɗaya, iri ɗaya, damina ɗaya, amma tsarin shuka ya juya hukunci.

Mai ƙididdiga ba ya tsayawa nan. Zai ƙara tambaya: shin ba dace ba ne kawai? A ce irin biyu ba su da wani bambanci. To a kowane gida, ko sabo ya yi gaba ko tsoho, kowanne da rabin dama. Hanyoyin da gida huɗu za su iya faɗuwa su ne 2 sau 2 sau 2 sau 2, wato 16, kuma ɗaya ce tak daga cikinsu sabo ke cinye duka huɗun. Ke nan sau ɗaya cikin 16 dace kaɗai zai iya kawo abin da muka gani. Alama ce mai kyau, amma ba ta kai a sayar da akuya a sayi buhun iri ba tukuna. Da gida shida aka yi, sabon ya cinye duka, da damar dace ta koma ɗaya cikin 64. Amfanin maimaitawa ke nan: kowane ƙarin gida yana rage wa dace wurin ɓuya.

Wani lokaci ƙasa tana bambanta ta fuska biyu, misali gangare daga gabas zuwa yamma, inuwar itatuwa kuma daga arewa zuwa kudu. In taki uku ake gwadawa, A da B da C, sai a yanka fili gida tara a jera su haka:

A B C
B C A
C A B

Ku bi kowane layi a kwance, ku bi shi a tsaye: kowane taki ya fito sau ɗaya tak. Babu wanda ya kwashe gangare shi kaɗai, babu wanda ya kwashe inuwa. Masana suna kiran wannan tsari murabba'in Latin, kuma akwai waɗanda suka fi shi sarƙaƙiya, na gwada iri ashirin ko hamsin a lokaci guda.

Irin waɗannan tsare-tsare Cox ta tattara tare da William Cochran, ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya bar Rothamsted ya zo Ames a 1939. Daga takardun da suke raba wa ɗalibai littafinsu mai suna Experimental Designs ya fito a 1950, aka sake buga shi da ƙari a 1957. Abin da ya sa ya karɓu shi ne an zana tsare-tsaren a shirye: mai bincike ya buɗe shafi, ya ga wanda ya dace da yawan irin da yake da shi da girman filinsa, ya jefa ƙuri'a, ya bi matakan lissafin ɗaya bayan ɗaya. Shekaru da dama shi ne abokin aikin masu binciken noma a ƙasashe da yawa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta filayen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da damina ya ga ƙananan fegi a jere, kowanne da ɗan allo mai lamba. Irin masara da wake da dawa da gyaɗa da ke fitowa daga can da sunaye kamar SAMMAZ da SAMPEA da SAMSORG da SAMNUT, sai an gwada su ta wannan tsari, a wurare daban-daban, kafin a sake su ga manoma.

Sunan da aka rubuta a ƙasan wasiƙa

A 1940 Kwalejin Jihar Karolina ta Arewa da ke Raleigh ta shirya buɗe sashen ƙididdiga domin taimaka wa masu binciken noma a jihar, ƙasar taba da auduga da gyaɗa. Suka nemi Snedecor ya ba su sunayen waɗanda suka cancanci shugabanci. Ya jera sunaye, duk maza. Da ya nuna wa Cox takardar, ta tambaye shi abin da ya hana shi sa nata. Sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa in za su yarda su ɗauki mace, to ga Gertrude Cox. Ita aka ɗauka.

Snedecor ya fi kowa sanin aikinta, shekara bakwai suna tafiyar da cibiya ɗaya, amma da aka ce shugaba, tunaninsa bai kai kanta ba. Kuskure ne babba, kuma da ta yi kawaici ta haɗiye maganar, da shi ke nan an wuce wurin. Tambaya ɗaya ta yi, cikin ladabi, a kan abin da ta san ta iya. Ta kama aiki ranar 1 ga Nuwamba, 1940, ba ta da digirin digirgir, ta zama mace ta farko da ta kai cikakkiyar farfesa kuma ta shugabanci sashe a wannan kwaleji.

A Raleigh ne wata baiwar tata ta fito fili, wato iya haɗa mutane da neman kuɗin aiki. Ta riƙa shirya tarukan horaswa lokacin hutu, inda masana ƙasa da na tsirrai da na dabbobi da na abinci suke zuwa da matsalolinsu a warware tare. A 1944 ta kafa Cibiyar Ƙididdiga, ta sami tallafi daga wata hukumar ilimi ta gidan Rockefeller, ta faɗaɗa ta. A 1946 ta jawo Cochran zuwa Raleigh, ta kuma jawo Harold Hotelling, ɗaya daga cikin manyan masana ƙididdiga na Amurka, ya buɗe sabon sashe a garin Chapel Hill. A 1949 aka ƙara sashen ƙididdigar lafiya a can ƙarƙashin Bernard Greenberg. Ba ta jin tsoron ɗauko wanda ya fi ta zurfi a lissafi, nemansu ma take yi. Shugaban da ke gudun ƙwararru don kada su rufe shi, wurin aikinsa ba ya girma ya wuce shi. Nata ya girma har jihar ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan ilimi a duniya. Daga sashen da ta kafa ne, bayan ta bar shi, manhajar SAS ta fito, wadda aka fara rubutawa don lissafin alƙaluman noma, ta zama kamfani a 1976.

Duk da wannan nauyi, ita ce ta riƙe editan mujallar Biometrics tun fitowarta a 1945 har shekara goma, tana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ƙididdigar halittu a 1947. A 1949 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin Cibiyar Ƙididdiga ta Duniya, a 1956 kuma ta shugabanci Ƙungiyar Ƙididdiga ta Amurka. Kwalejinta ta Iowa ta ba ta digirin girmamawa a 1958. Wanda zai ci gaba da karatu a wannan fanni zai gamu da wata shahararriyar hanyar lissafi mai sunan Cox. Wannan ta David Cox ce, Baturen Ingila, kuma ba su haɗa dangi ba. Ba da wata ka'ida mai sunanta Gertrude ta shahara ba. Sassa da ɗalibai da littafi ta bari, kuma a ganina gadon nata bai gaza na masu ka'idoji ba, domin ilimin da bai isa hannun mai aiki da shi ba bai gama amfani ba.

Ta bar jami'a a 1960, ta koma shugabantar sashen ƙididdiga na sabuwar cibiyar bincike ta Research Triangle, wadda tana cikin waɗanda suka yi faɗi-tashin kafa ta. Bayan nan ta juya ga ƙasashe masu tasowa. Ta zauna a Alƙahira tsakanin 1964 da 1965 tana taimaka wa jami'ar birnin gina cibiyar ƙididdigarta, ta kuma yi aikin ba da shawara a Tailan. A 1975 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Ba ta yi aure ba, amma 'ya'yan abokan aikinta da ɗalibanta da suka zo daga ƙasashen waje sun sami kulawa a wurinta irin wadda ta fara da marayun Montana. Da cutar sankarar jini ta kama ta, ta riƙa rubuta kowane magani da aka ba ta da yadda jikinta ya karɓe shi, kamar yadda ta koya wa wasu su yi da fegin gwaji. Ta rasu ranar 17 ga Oktoba, 1978, a birnin Durham.

Aikin yi

Ku fara da tattaunawa a aji. Wata mai kiwon kaji ta ba manyan 'yan tsakinta sabon abinci, ƙanana kuma ta bar su a kan tsohon, bayan wata guda ta ce sabon ya fi sa ƙiba. Ina kuskurenta yake, kuma yaya za ta raba 'yan tsakin in za ta sake gwajin? Sannan ku koma kan alƙaluman masarar nan, ku fitar da ratar da ke tsakanin sabo da tsoho a kowane gida, ku nemo matsakaicinta, ku ga ko ta yi daidai da wadda muka samu. Ku kuma lissafa damar dace in gida biyar aka yi, sabon ya cinye duka.

Babban aikin na gida ne. Kowa ya zaɓi abu biyu da yake son gwadawa a sana'arsa, iri ne, taki ne, ko abincin dabba. Ya zana filin ko garken a takarda, ya raba shi aƙalla gida huɗu, ya jefa ƙuri'a, ya rubuta abin da zai auna da ma'aunin da zai yi amfani da shi. Ku kawo takardar aji mako mai zuwa mu duba tare, kuma kada kowa ya kai iri ƙasa sai mun gama dubawa.